Manhaja Tana Ƙiba, Baitulmali Yana Ramewa

Daga Wakilinmu

Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawar da ya saba yi wa manhajar Windows 10. Magajiyarta kuwa, watau Windows 11, ba ta hawa kowace kwamfuta, sai wadda ta cika waɗansu sharuɗɗa, ciki har da rumbun ajiya mai gigabait 64. Ma'anar wannan ita ce, ɗimbin na'urori masu ƙoshin lafiya, irin waɗanda ke bisa teburan sakatariyoyinmu da ɗakunan karatun jami'o'inmu, an yanke musu hukuncin tsufa alhali ko ƙusa ɗaya ba ta kwance a jikinsu ba. To, akwai wani dattijo da ya hango wannan tun 1995, ya kuwa kamata masu sa hannu a takardun sayen kayan Gwamnati su san shi.

Sunansa Niklaus Wirth, mutumin ƙasar Suwizalan. An haife shi cikin 1934, ya rasu ran 1 ga Janairu, 2024. Shaihun malami ne a babbar makarantar fasaha ta birnin Zurik tun daga 1968 har ya yi ritaya cikin 1999. Shi ne ya fito da Pascal cikin 1970, harshen da a ke rubuta wa kwamfuta umurni da shi, wanda da yawa cikin waɗanda suka karanci wannan fanni a jami'o'in ƙasar nan da shi suka buɗe ido. Ya raɗa masa sunan Blaise Pascal, Bafaranshen nan da ya soma ƙera injin lissafi cikin 1642 domin ya rage wa mahaifinsa wahalar aikin haraji. Ashe tun asali harkar ba ta yi nisa da ofishin Gwamnati ba.

Shi Wirth ba ya son tarkace. Sa'ad da wani kwamitin masana na ƙasashen duniya ya ƙi shawararsa ta a yi wa harshen Algol magaji mai sauƙi, ya zaɓi mai sarƙaƙiya, sai ya bar musu abinsu ya kama nasa. Daga baya, shi da abokin aikinsa Jürg Gutknecht, su biyu rak, suka shafe shekara uku suna gina Oberon, cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta. Cibiyarsa duka, har da abin rubutu da abin da ke juya umurni zuwa yaren na'ura, ba ta kai kilobait 200 ba. Hoto guda da ɗalibi zai ɗauka da wayarsa yau ya fi ta nauyi ninkin-ba-ninkin.

Da wannan hujja a hannu ya rubuta maƙalarsa ta 1995, inda ya roƙi a rage wa manhaja teɓa. Ya nuna cewa nauyin da manhaja ke ƙarawa ya fi ƙarfin saurin da na'ura ke samu. Dalili kuwa bai ɓoye shi ba. Kamfanoni suna ta cusa abubuwan da yawancin masu saye ba za su taɓa amfani da su ba, don yawa shi ke jan kasuwa. Gaggawar fitar da kaya ta hana masu aiki zama su yi tunani. Sa'an nan jama'a sun ɗauki abu mai wuyar ganewa shi ne na gwaninta. Lalle kukan kurciya jawabi ne.

Wani zai ce ai Oberon bai ci kasuwa ba, Pascal ma harsuna irin su C da Java da Python sun sha gabansa. Haka ne. Har wa yau ba kowane nauyi ne na banza ba: tsaro daga ɓarayin intanet yana cin wuri, haka nan tsarin da ya sa kwamfuta ta san ƙ da ɗ da ɓ namu. Amma wannan bai bayyana abin da ya sa akawu mai buga wasiƙa shafi ɗaya da jadawalin albashi zai bukaci sabuwar na'ura duk bayan 'yan shekaru ba. Aikin bai canja ba, kuɗin ne kawai ke fita, kuma da dala a ke biya.

Saboda haka kamata ya yi kowace ma'aikata, kafin ta rubuta cewa kwamfutocinta sun mutu, ta sa masana su duba ko manhajar ce ta yi musu nauyi. Akwai manhajoji marasa nauyi na kyauta, irin waɗansu nau'o'in Linux, da ke tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori. Su kuma malaman jami'a, in ɗalibi ya kawo aikinsa, kada su tsaya ga ko yana gudana. Su tambaye shi wurin da ya ci da lokacin da ya ɗauka, su ba da maki a kai. Littafin Oberon da Wirth ya sabunta cikin 2013, yana da shekara 79, yana nan kyauta a intanet tare da dukan umurnin da ke cikin tsarin, kuma ya isa a karantar da ɗaliban shekarar ƙarshe da shi.