Tsakaninmu Mata: In An Fasa Aure, Kayan Na Wa?

 Wannan watan ba labarin littafi na zo muku da shi ba, abu ne da ya faru a layinmu nan Gobarau, inda in kin tsaya a ƙofar gida kina hango hasumiya.

Wata ƙawata ce (ba zan kama suna ba, ta san kanta) aka kai kuɗin gaisuwarta, aka sa rana, lefe akwati shida ya shigo, mata suka yi ta zuwa kallo ana guɗa. Saura sati uku biki sai ga wani mai mota ya fito, yarinya ta ce ita fa ta fasa. Atamfa huɗu ta riga ta ɗinke, turare da sabulu kuwa tuni an raba wa gwaggwanni. Dangin yaro ba su tsaya cacar baki ba, kotu suka nufa.

Da na leƙa gidan, Innarta ta tare ni da cewa, "Ke 'yar nan, ke da kika yi boko, yaushe aka fara karɓe kyauta?"

Na ce, "Inna, ai lefe ba kyautar Sallah ba ce, don aure aka kawo shi."

Ga yadda abin yake. Kotunan shari'ar Musulunci da suka maye gurbin kotunan yanki a Jihar Katsina tun shekarar 2000 da mazhabar Malikiyya suke hukunci. A wajen malaman mazhabar, baiko alkawari ne, ba ɗaurin aure ba, don haka babu alƙalin da zai tilasta ki auri wanda kika daina so. Nan kam an yi mana adalci. Amma kaya zance ne daban. In namiji ne ya janye, ya yi asarar abin da ya bayar. In daga ɓangaren mace aka fasa, za a mayar masa da kayansa, wanda aka cinye ko aka ɗinke a biya kwatankwacinsa ko kuɗinsa, sai fa in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa wa haka. Sadaki kuwa, in an riga an bayar ba a ɗaura ba, komawa zai yi ko waye ya fasa.

Su ma samari kada su ɗauka ko wace hira alkawari ce. Kun tuna a 2022 wani ma'aikacin gwamnati daga Gusau ya kai jaruma Hadiza Gabon ƙara a kotun shari'a ta Magajin Gari a Kaduna, ya ce ta yi masa alkawarin aure har ya kashe Naira 396,000. Ita kuwa ta ce sam ba ta ma san shi ba. To nauyin kawo hujja a kan mai ƙara yake. Shi ya sa iyayenmu ba sa kai ko goro sai da dattawa a zaure.

Yaron layinmu da dattawansa ya je, har da takardar da ƙanwarsa ta rubuta kayan akwati ɗaya bayan ɗaya. Baban ƙawata, bawan Allah mai ɗinkin hula, shi ya roƙi alƙali a bar shi ya biya kaɗan-kaɗan duk wata. Mai motar kuwa, tun ranar da ya ji an kawo sammaci ba a sake ganin ƙurarsa a layin ba.