Malamin da Ke Tsayawa a Bayan Igiya

Akwai wata doka a wasan golf da ta daɗe tana ba mu abin tunani. Da zarar ɗan wasa ya buga ƙwallonsa na farko a gasa, ba shi da izinin neman shawara daga kowa har ya gama ramuka 18, sai dai daga mai ɗaukar masa jakar sanduna, ko abokin da suke ɓangare ɗaya idan gasar ta haɗin gwiwa ce. In ya karya wannan doka, za a ƙara masa bugu biyu, kuma a golf wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ke cin gasa. To ina malaminsa, wanda ya yi shekaru yana koya masa riƙon sanda? Yana can bayan igiya tare da ƴan kallo, yana ganin kuskure ƙuru-ƙuru, ba halin ya ce uffan.

Ku kwatanta da kocin ƙwallon ƙafa, wanda ke tsaye a bakin fili yana ihu minti 90, yana canza ƴan wasa yadda ya ga dama. Malamin golf ba shi da wannan gata. Duk abin da zai bayar, dole ya riga ya bayar kafin ranar gasa, kuma dole ya bayar da shi ta yadda ɗalibin zai iya ɗauka ya tafi da shi. Shi ya sa muke ganin ma'aunin malamin golf ɗaya ne: me ɗalibinsa yake iya yi a ranar da babu shi? Kuma in aka duba waɗanda suka ci wannan jarrabawa, za a tarar yawancinsu mutane ne masu tsimin magana.

Dalilin farko yana cikin bugun kansa. Daga ɗaga sanda zuwa taɓa ƙwallo, abin bai fi daƙiƙa ɗaya da ɗan wani abu ba. Saukowar sandar kuwa kusan rubu'in daƙiƙa ce, kuma haɗuwar kan sanda da ƙwallo ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. A cikin wannan ɗan lokaci, umarni nawa kan mutum zai iya riƙewa? Ga malami ya ce miƙe hannun hagu, lanƙwasa gwiwa, juya kafaɗa, kada ka ɗaga kai, mayar da nauyinka ƙafar gaba. Kowanne daidai ne. Amma an zuba wa ɗalibi biyar a lokaci guda, sai jikinsa ya sandare, ya sari ƙasa maimakon ƙwallo. Malamin zai koma gida yana ganin ya yi aiki, tunda ya faɗi duk abin da ya sani. Ɗalibin kuma zai koma yana ganin shi ne daƙiƙi.

A nan ne labarin Harvey Penick yake da amfani. An haife shi a 1904 a birnin Austin na jihar Teksas a Amurka. Yana ɗan shekara 8 ya fara ɗaukar wa manya jaka a filin golf na garin, yana 18 ya zama babban malamin wurin, kuma a nan ya ƙare rayuwarsa. Ya horar da ƙungiyar golf ta Jami'ar Teksas daga 1931 zuwa 1963. Fiye da shekara 60 yana rubuta abin da ya lura da shi a wani ɗan littafi mai jan bango, wanda ba a buga shi ba sai a 1992, lokacin da ya kusa shekara 90. Cikin ɗalibansa akwai Kathy Whitworth, wadda ta ci gasa 88 a rukunin ƙwararrun mata na Amurka, akwai kuma samari biyu da suka tashi a gabansa, Tom Kite da Ben Crenshaw.

Waɗannan biyun ba su da kama ko kaɗan. Kite mutum ne mai son bin diddigi, mai iya wuni a filin atisaye yana maimaita bugu ɗaya. Crenshaw kuwa jikinsa ne ke gaya masa abin yi, ya fi son ya shiga fili ya yi wasa. Penick bai yarda ɗayansu ya tsaya kallon darasin ɗan'uwansa ba. Me ya sa? Domin maganin da ya dace da Kite zai iya zama cuta ga Crenshaw. Kite ya ba da labarin cewa wani lokaci in ka yi wa tsohon tambaya, ba zai amsa nan take ba, sai ya kwana yana neman kalmar da ta dace, kuma ya fi son ya gaya maka abin da za ka gwada a kan ya ce maka daina kaza. Ku dubi wannan da kyau, ƴan'uwa. Mutum ne da ya san amsar, amma ya san magana zarar bunu ce, in ta shiga kan yaro ba ta fita da sauƙi. Kite ya ci babbar gasar US Open a 1992, Crenshaw ya ci Masters sau biyu, a 1984 da 1995, kuma har suka manyanta salon bugunsu bai zama iri ɗaya ba.

Wani zai ce ai wannan halin tsoho ɗaya ne kawai. To masu binciken yadda jiki ke koyon motsi sun isa kusan wuri ɗaya ta wata hanya. A 1990 Carolee Winstein da Richard Schmidt sun gwada rukuni biyu na masu koyon wani motsin hannu. Rukuni ɗaya ana gaya musu sakamako bayan kowane gwaji, ɗayan kuma rabin lokaci kawai, ana rage musu sannu a hankali. Da aka dawo aka gwada su ba tare da taimako ba, waɗanda aka rage wa bayani ne suka fi riƙe abin. Bayanin mai sauƙi ne. Wanda ake gyara wa kowane bugu yakan daina sauraron jikinsa, ya koma kallon bakin malami. Ranar da bakin ya yi shiru, shi ma ya tsaya.

Akwai kuma aikin Gabriele Wulf da abokan aikinta a 1999, wanda aka yi a kan golf ɗin kansa. An koya wa sababbin shiga gajeren bugu zuwa wani wuri da aka shata. An ce wa wasu su sa hankali a kan motsin hannuwansu, wasu kuma a kan lilon kan sandar. Masu kallon sanda suka fi dacewa da wurin, har washegari da aka sake gwada su ba umarni. Motsin da ake nema ɗaya ne, kalmomin ne suka bambanta. Don haka malamin da ya ce “share ciyawar da ke gaban ƙwallon” sau da yawa yakan samu abin da mai dogon bayani a kan wuyan hannu ya kasa samu.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba muna cewa malami ya naɗe hannu ya bar ɗalibi yana lalube ba. Wanda bai taɓa riƙe sanda ba yana bukatar a kama hannunsa a ɗora masa yatsu inda ya kamata, a kuma maimaita masa har ya zauna. Jack Grout, wanda ya fara koya wa Jack Nicklaus a 1950 a filin Scioto na birnin Columbus a jihar Ohayo, lokacin yaron yana da shekara 10, bai yi sanyin hannu ba. Da ya gaji da yadda yaron ke motsa kai, sai ya sa mataimakinsa ya riƙe masa gashi yayin da yake bugu. Ba mu ba kowa shawarar ya kwaikwayi wannan ba, kuma a yau da wuya iyaye su lamunta. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Da Nicklaus ya girma, Grout ya ja da baya. Nicklaus ya sha faɗin cewa malaminsa ba ya bin sa filin atisaye a manyan gasa, domin ya riga ya koya masa gano matsalarsa da kansa. A farkon kowace kaka sai ya koma wurin tsohon su sake duba riƙo da tsayuwa kamar sabon ɗalibi, daga nan ya kama hanya shi kaɗai. Ya ci manyan gasa 18, adadin da har yau ba namijin da ya kai.

Yau kuma ga na'ura ta shigo. TrackMan, wadda wani kamfanin ƙasar Denmark ya ƙera a farkon shekarun 2000, tana amfani da rada ta auna gudun sanda, kusurwar fuskarta, da yadda ƙwallo ke juyawa a sama. Ba za mu raina ta ba, domin ta gyara wani kuskure da malamai da yawa suka daɗe suna koyarwa. An daɗe ana cewa hanyar da sanda ta bi ita ce ke nuna inda ƙwallo zai fara nufa, sai awo ya tabbatar cewa inda fuskar sandar ke kallo lokacin haɗuwa shi ne ya fi rinjaye. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma na'urar tana fitar da lambobi sama da 20 a kan bugu guda, kuma ba ta san wanne ne ɗalibin zai iya ɗauka yau ba. Malamin da ya juya allon ya bar yaro yana leƙa lambobi bayan kowane bugu ya koma gidan jiya, sai dai yanzu kwamfuta ce ke surutun. Mun fi ganin hikimar wanda zai kalli lambobin shi kaɗai, ya zaɓi ɗaya, sannan kafin ya faɗa ya tambayi ɗalibin: “Kai me ka ji a wannan bugun?” In amsar yaron ta yi kusa da abin da na'ura ta nuna, to ya fara zama malamin kansa.

Tsimin magana kuma ba ya nufin ɓoye gaskiya mai ɗaci. Nick Faldo na Ingila ya riga ya yi suna a Turai lokacin da David Leadbetter ya gaya masa cewa salon bugunsa ba zai jure matsin manyan gasa ba, kuma gyaran zai ci lokaci. Suka fara a 1985. Kusan shekara biyu Faldo yana shan kashi, jaridu suna masa ba'a. A 1987 ya ci gasar Open a Muirfield, daga baya ya tara manyan gasa 6. Haka Tiger Woods, bayan ya ci Masters ta 1997 da ratar bugu 12, ya zauna da Butch Harmon suka warware salonsa suka sake ɗinkawa. A 1998 gasa ɗaya tak ya ci a rukunin ƙwararrun Amurka, a 1999 ya ci 8, a 2000 ya ci 9. Ba ɗan wasan da zai yarda a rushe masa abin da ke ciyar da shi sai ya amince da mai maganar, kuma irin wannan amana ba ta samuwa ga wanda ya saba kushe kowane bugu. Da irin wannan malamin ya zo da babbar magana, kunne ya riga ya toshe. Amanar kuma tana da nata haƙƙin: da Hank Haney, wanda ya horar da Woods daga 2004 zuwa 2010, ya wallafa littafi a 2012 yana bayyana abubuwan da suka gudana tsakaninsu, malamai da yawa sun ga hakan a matsayin tona asirin ɗalibi.

Mun san yawancinmu ba mu taɓa riƙe sandar golf ba, ko da muna wucewa ta gefen filin Rayfield a Jos ko na Kaduna. Amma da yawa cikinku kuna da wanda kuke koya wa wani abu: ƙane mai koyon tuƙi, yarinya a shagon ɗinki, ɗalibi a aji, sabon mai kaɗa jita. Abin da ke cikin haɗari shi ne ƙarfin zuciyar wannan mai koyo. Mun ga matasa masu baiwa da suka ajiye sana'a domin duk motsin da suka yi sai an ce ba haka ba, har suka kasa taɓa komai sai sun waiga. Babban da ya yi musu haka ba mugu ba ne, sau da yawa ma ƙauna ce ta sa shi, amma ya kasa jure ganin kuskure na minti ɗaya ba tare da ya yi magana ba.

A ƙarshen watan Maris na 1995, Crenshaw yana cikin mummunan yanayi a wasansa, ya je gaishe da Penick, wanda ke kwance ba ya iya tashi. Tsohon ya sa aka ɗauko sanda, ya ce ya gangara ƙwallo a kan dardumar ɗakin yana kallo. Gyaran da ya ba shi bai wuce jimla biyu ba: ya yarda da kansa, kuma kada ya bar kan sanda ya riga hannuwansa wucewa. Penick ya rasu ranar 2 ga Afrilu. Ranar Laraba Crenshaw da Kite suka ɗauki akwatin gawarsa a Austin, ranar Alhamis aka fara Masters a Augusta. A filin atisaye mai ɗaukar masa jaka, Carl Jackson, ya ƙara masa da ɗan gyara a kan inda yake ajiye ƙwallo da juyin kafaɗarsa. Kwana huɗu, ramuka 72, Crenshaw bai taɓa buƙatar gangarawa uku a rami ɗaya ba. Ranar Lahadi 9 ga Afrilu ya ci gasar da ratar bugu ɗaya a kan Davis Love, yana da shekara 43, ya sunkuya a bakin rami na ƙarshe ya rufe fuska yana kuka, Jackson yana dafe da shi.