Waiwaye: Umarni Ɗaya, Hali Biyu

Masu rubuta manhaja da harshen Python sun daɗe suna tuntuɓe da wani ɗan layi, os.rename, wanda aikinsa kawai sauya wa fayil suna. A kan Linux, idan akwai wani fayil mai sabon sunan, sai a danne shi shiru, wannan ya maye gurbinsa. A kan Windows kuwa, layin sai ya cije, ya ce sunan yana da mai shi.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A gidan Unix, wanda Linux ke bin tsarinsa, ƙa'idar POSIX ta ce musanyar ta auku a tashi ɗaya. Shi ya sa ake rubuta sabon bayani a fayil na wucin gadi, sannan a ba shi sunan na asali. Ko manhajar ta mutu ana tsakiyar aiki, mai karantawa zai tarar da tsohon cikakke ko sabon cikakke. Windows ta fi damuwa da kada a shafe wa mutum abinsa ba da saninsa ba, don haka umarninta na MoveFile ke ƙin taɓa fayil ɗin da ya riga ya kasance. Ƙa'idar harshen C ba ta raba gardamar ba, ta bar wa kowane tsari zaɓinsa.

Masu amfani ne suka sha wahalar. Manhajar da aka gwada a Linux za ta adana saituna karon farko a Windows lafiya lau, karo na biyu ta tsaya. Wanda ya dogara da ƙin Windows kuma, ranar da ya kai aikinsa Linux, hotuna biyu suka yi karo a suna ɗaya, na farko ya tafi ke nan. A harshen Java ma, File.renameTo ba ta faɗin dalilin gazawa, sai dai ta ce bai yiwu ba.

Gyara ya zo a hankali. Java 7 ta kawo Files.move a 2011, inda sai ka nemi a danne kafin a danne. Python 3.3 ta kawo os.replace a 2012, mai danne tsohon fayil a Linux da Windows duka. Linux 3.15 ta kawo renameat2 a 2014, mai ba da damar hana dannewar.

Duk gyare-gyaren nan abu ɗaya suka nema: mai rubutu ya faɗi nufinsa a fili. Fayil ɗin da kake sauya wa suna amanar wani ce, wataƙila littafin bashinsa ko kundin karatunsa. Kafin ka rubuta layin, ka yanke abin da zai faru idan sunan yana da mai shi, sannan ka gwada a irin kwamfutar da mutanenka ke riƙe da ita.