Gilashin Mota: Ƙura Ce Ke Kashe Injinsa

Duk direban da ke kai da kawowa a unguwar Ajilari ta Maiduguri ya san gilashin mota ba ado ba ne. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga kuma shingayen jami'an tsaro inda tilas a sauke gilashi. Ambaliyar da ta auka wa birnin a Satumban 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, ta tunatar da jama'a cewa gilashin da ya ƙi sauka cikin ruwa yana iya zama ajali.

A zamanin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da hannu akan murɗa gilashi. Yanzu kuwa ƙaramin inji ne mai aiki da batir yake jan wata wayar ƙarfe, ko wasu ƙarafa masu kama da almakashi, su ɗaga gilashin.

Babban abokin gabar wannan inji ita ce ƙura. Takan taru a robar da gilashi ke bi, rana ta busar da robar, gilashin ya yi nauyi. Mai mota ya yi ta danna maɓalli, inji na wahala, har haƙoran robarsa su cinye, ko wayar ta tsinke, ko maƙalan gilashin su karye.

To, kafin a saya sabon inji sai a kasa kunne. In duk tagogin sun mutu gaba ɗaya, a duba fis. In guda ce ta yi shiru, galibi maɓalli ne, ko wayoyin wuta da ke lanƙwasawa a mahaɗar ƙofa sun katse, kuma wannan aikin mai rewaya ne. In ana jin kukan inji amma gilashi bai motsa ba, ko ya faɗa cikin ƙofa, waya ce ko maƙali. In kuwa yana hawa da ƙyar, sau da yawa wankin roba yake bukata.

Wajen gyara, a cire kan batir tukuna, a ɓalle marfin ƙofa a hankali, a ɗaure gilashin sama da salatif kafin a kwance kusoshi. A kula da yatsu, domin mai almakashin nan yana da sifirin mai ƙarfi. Ƙarafa a shafa musu giris kaɗan, roba kuwa man silikon. Kada a kuskura a zuba baƙin mai: shi ke kama ƙura, ya kuma lalata roba.

Tsumma da ruwan sabulu sau ɗaya a wata sun fi sabon inji araha, domin rigakafi ya fi magani.