Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Wani malami ya aiko mana da takarda daga Jega, ya roƙi kada a buga sunansa. Ya ce shi ɗan wata jam'iyya ne mai ƙarancin mabiya a Jihar Kebbi, shekara da shekaru suna ta fama, amma ko wane zaɓe ya zo sai su wayi gari an bar su da kuɗin mota da na buga hotuna. Tambayarsa ita ce, ta ƙaƙa jam'iyyar da ba ta da rinjaye za ta sami jama'a a Jega da Aliero da Maiyama, har ta kai ga cin zaɓe?

To, malam, takardarka ta iso, mun gode. Wannan shafi ba ya bin bayan wata jam'iyya, amma tambayarka ta shafi kowa. Ƙasar da babu mai iya ce wa mai mulki ya gyara, ta yi hasara, shi kansa mai mulkin ma ya yi hasara, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Saboda haka za mu faɗa maka abin da muka gani, kai kuma ka auna.

Bari mu fara da abin da ya faru a ƙofar gidanka. Garuruwan nan uku duk suna cikin mazaɓar Kebbi ta Tsakiya ta Majalisar Dattawa. A zaɓen 2023 jam'iyyar APC ke riƙe da jiha, kuma Gwamna Atiku Bagudu da kansa ya tsaya neman wannan kujera. Duk da haka Sanata Muhammad Adamu Aliero, wanda ya bar APC ya shiga PDP a 2022, shi ya ci. Ba nan kaɗai ba, kujerun dattawa uku na Kebbi duk PDP ta ɗauke su a shekarar, ɗan takararta na shugaban ƙasa kuma ya fi kowa ƙuri'a a jihar. Kujerar Gwamna ma ba ta tabbata ga Nasir Idris na APC ba sai da aka yi zaɓen cike giɓi a watan Afrilu. Kun ga ke nan, jama'a, wanda ya ce mutanen wannan yanki ba su iya juya wa mai mulki baya, bai san su ba.

Amma ina labarin ya ƙare? A watan Mayu na 2025 sanatocin nan uku suka tashi gaba ɗaya suka koma APC. Ba zarginsu muke yi ba, ko wane ɗan siyasa da nasa lissafi. Abin lura dai shi ne, jam'iyyar da ta kwana da kujeru uku ta wayi gari ba ko ɗaya, ba kuwa tare da an jefa ƙuri'a ba. Me ya kawo haka? Ai ƙuri'un nan da yawansu na mutum ne, ba na jam'iyya ba. Ita jam'iyya aron su ta yi, ranar da mai kaya ya tashi ya naɗe kayansa. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

To, malam, ga amsarka a taƙaice: jam'iyyar da ke son ta girma, ta bar zaman jiran wani babba ya yi fushi da gidansu ya zo ya ɗauke ta. In ya zo a yi masa maraba, amma ya tarar da gida a gine, yadda ko ya fita bango ba zai bi shi ba.

Ta ƙaƙa ake ginin? Mu duba na gabanmu. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950. Ba ta da sarauta, ba ta da baitulmali. Abin da ta ke da shi teloli ne, da mahauta, da 'yan koli, da malaman zaure, waɗanda suka sayi katin jam'iyya da kuɗin aljihunsu, waɗansu har suka sha ɗauri saboda ita, kamar Hajiya Gambo Sawaba a Zariya. Malam Aminu Kano bai shiga majalisar tarayya ba sai 1959. Magajiyarta PRP ba ta sami Gwamna ba sai 1979, sa'ad da Abubakar Rimi ya ci Kano, Balarabe Musa ya ci Kaduna. Shekara 29 ke nan daga shuka zuwa girbi. Ba mu ce kai ma sai ka jira haka ba, amma ka sani abin da ya riƙe su duk tsawon lokacin nan shi ne talaka ya san abin da suke nema masa, ya kuma san inda zai same su ko ba lokacin zaɓe ba.

Nan fa ake yin ta. Yawancin ƙananan jam'iyyu ba a ganin ofishinsu a buɗe sai saura wata uku a jefa ƙuri'a, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma in sun zo, maganar da suke kawowa ta Abuja ce, ba ta garin ba. Shin mutumin Aliero me ke hana shi barci? Albasa. Ya yi wahalar ban ruwa da rani, ya ci bashin taki da man inji, ranar da ya cire kowa ma ya cire, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. In ya ajiye ba wurin kirki, ta ruɓe. In ya sayar ya sayar da araha, bayan 'yan watanni kuwa ya ji kuɗin da buhu ya kai a Ikko ko Anaca, ya riƙe baki. Jam'iyyar da 'ya'yanta suka haɗa manoma ashirin ko talatin suka yi adashi, suka gina wurin ajiya mai shan iska, suka sayo taki a dunƙule don ya yi sauƙi, ta yi wa'azin da ya fi lasifika ɗari, kuma ba ta bukaci izinin Gwamna ba. Haka ɗan kasuwar Jega da ke kukan yawan kuɗin da ake karɓa a hanya, haka manomin Maiyama da ruwa ya ci gonarsa, kamar yadda ambaliyar 2020 ta yi wa masu shinkafa a Kebbi. A zaɓi kuka biyu ko uku irin waɗannan, a riƙe su, a yi ta bin su ofis ofis da takarda da ladabi, har mutane su riƙa cewa, "In kana da wannan damuwa, tafi wurin su wane."

Sa'an nan a san lissafi. Jihar Kebbi na da ƙananan hukumomi 21, da mazaɓun kansila 225, da kujeru 24 a Majalisar Dokoki. Tsarin mulki ya ce ba mai zama Gwamna sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, watau 14. Jam'iyyar da ba ta da mutum a Zuru ko Yawuri ko Argungu, in ta zuba ɗan abin da ta mallaka a neman Gwamna, ta zuba ruwa a rariya. Gara ta tara ƙarfinta a kujera ɗaya ta majalisar jiha, inda ɗan takara zai iya taka ko wane ƙauye da ƙafarsa. Da rarrafe yaro kan tashi. Kada kuma a raina kujerun majalisa: Balarabe Musa ya ci Gwamna, amma NPN ke da rinjaye a majalisar Kaduna, a watan Yuni na 1981 suka tsige shi.

Waɗansu za su ce, ai duk wannan banza ne, ranar zaɓe mai taliya da sabulu da atamfa shi ke tafiya da mata. Lalle ana yin haka, ba mu musu ba. Amma in tseren kuɗi za a yi, mai ƙaramin aljihu ya faɗi tun ba a fara ba, saboda haka kada ya shiga tseren da ba nasa ba. Matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976, yau kuwa duk wanda ya je rumfar zaɓe ya ga tsawon layinsu. Wa ke zuwa wurinsu a sauran kwanakin shekara? Jam'iyyar da ke da mata masu shiga gida gida, suna taimakon mai haihuwa ta kai asibiti, suna nuna wa budurwa inda za ta karɓi katin zaɓe, ba a raba ta da su da ƙullin taliya.

Ranar zaɓe kuma, ko wace rumfa a sa wakili ɗan unguwar, wanda ya iya karatu, wanda aka ba shi abincinsa tun daga gida don kada ya ci na wani. Ya tsaya har a ƙirga, ya sa hannu, ya karɓi tasa takardar sakamako. Ƙarar da ba takarda, alƙali ba shi da abin da zai duba.

Na ƙarshe, in ƙanana sun yi yawa a wuri ɗaya, junansu suke ci. A 2013 ne ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka haɗu suka zama APC, a 2015 suka karɓi mulkin ƙasa daga hannun PDP wadda ta yi shekara 16 a kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a yi haɗin a kan abin da za a yi wa jama'a, a rubuta shi kowa ya gani, don haɗin da aka yi a kan rabon kujeru, rabon ne ke watsa shi.

To, malam, ka ji namu. Muna so kuma mu ji daga mutanen Aliero da Maiyama, na ko wace jam'iyya: wane kuka ne kuka kai wa 'yan siyasa tun zaɓen da ya wuce, wa ya saurare ku? Ku rubuto gajere, ku faɗi gaskiya, ban da zagi. Allah ya ba mu shugabanni masu jin ƙai, ya ba mu zama lafiya, amin.