Kwikwiyon mastif: ka auna rumbunka tukuna



Tambaya guda ta yi yawa daga masu garka da masu kiwon kaji, musamman wajen Maraɗi da Ƙonni. Mutum ya ga hoton wani ƙaton kare cikin salula, kansa kamar turmi, an ce masa akwai kwikwiyo na sayarwa, uban mastif ne, uwar kuwa gauraye ce. Shi kuma ɓarayi sun dame shi, sun ɗauke injin ban-ruwa, sun kore tumaki. Ya saya ko kada ya saya?

Malamai sun halatta aje kare don tsaron gona da bisashe, ba nan gardamar take ba. Ra'ayina shi ne mafi yawanmu bai kamata mu saya ba, kuma zan faɗi dalili.

Mastif sunan dangi ne na manyan karnuka masu faɗin kai da gajeren baki. Akwai na Ingila, wanda namijinsa yakan wuce kilo 70. Akwai bulmastif, wanda masu gadin dajin farauta na Ingila suka samu a ƙarni na 19 da suka haɗa mastif da buldog, don ya kada ɓarawon nama ya danne shi. Akwai burbul na Afirka ta Kudu, karen gonar manoma farar fata na can. Shi ne sunan da za ka fi ji a bakin masu sayarwa. Kwikwiyon da kake ɗauka da hannu guda yau, kafin shekara ya wuce kilo 40, kuma bai gama girma ba sai ya kusa shekara 2.

To, mu fara da ciki, tunda shi ke kashe gida. Kare mai kilo 60 yana buƙatar ƙarfin abinci kusan daidai da namiji baligi. In da hatsi kaɗai za a ciyar da shi, sai an auna masa wajen giram 700 kullum. Tiya guda ba ta kai shi kwana 4. A shekara buhu biyu da rabi ke nan, na kilo 100. Lissafin hukuma a ƙasarmu kuwa, mutum guda kilo 231 na hatsi ake ƙiyasta masa a shekara. Wato ka ƙara baki guda a gidanka, bakin da ba ya riƙe hauya, ba ya zuwa rijiya. Ka tambayi uwargida, ita da ke awo, ko tukunyarta za ta ɗauka a watan da rumbu ya yi ƙasa.

Kuma hatsi kaɗai ba ya riƙe shi. Yana son nama, ko kayan ciki, ko kifi, ko ƙwai, ko nono, ba na ranar kasuwa kaɗai ba. Nan ne akasari ake yin hasara. Ƙashin wannan kwikwiyo yana tsawo da sauri ƙwarai. In aka raine shi da tuwo da dusa, ƙashin ba ya samun abin da zai yi ƙwari, sai ƙafafun gaba su lanƙwashe, ka wayi gari da gurgun kare mai ci kamar ƙato. In kuma aka ɗura masa abinci don ya yi ƙiba ya burge baƙi, nauyi ya ɓata masa gaɓoɓin ƙugu. Ku mutanen Galmi da Madawa, ku lura: albasa guba ce ga kare, ɗanya ko dafaffa, tana lalata masa jini. Sauran miyar gida ba abincinsa ba ce.

Sai zafi. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum ko doki. Da haki yake fidda zafi, baki buɗe, harshe waje. Mai gajeren baki da ƙaton jiki shi ya fi kowane shan wuya. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne. In ya haura 41, rai na cikin haɗari. A watan Afirilu da Mayu, Tawa da Ƙonni sukan kai digiri 44 ko 45 cikin inuwa. Irin wannan kare in aka ɗaure shi a rana, ko aka bi da shi bayan amalanke da hantsi, yana iya faɗuwa kafin azahar. Ko da an kula da shi, manyan karnuka ba su daɗewa: shekara 8 zuwa 10, sun tsufa sun tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar nan "gauraye". Gauraye ba aibi ba ne; makiyayi ya san abin da barbara mai kyau ke kawowa cikin garke. Amma makiyayi ya san sa, ya san saniya. Kai da aka miƙo maka kwikwiyo cikin kwali a tasha, me ka sani? Hoton uban da aka nuna maka, na kowa ne. Hali ana gadonsa kamar yadda ake gadon launi. In ya ɗauko ƙarfin uba ya haɗa da tsoron uwa, ka samu kare mafi haɗari, don matsoracin kare shi ke cizo ba gargaɗi. A Faransa, dokar 6 ga Janairu 1999 ta sa karnuka masu ƙirar mastif waɗanda ba su da takardar asali cikin rukuni na farko na karnuka masu haɗari: an hana sayensu, an hana sayarwa, an hana shigo da su, wanda ke da shi kuma dole ya sa a yi masa fiɗiya. Danmak ta hana burbul a 2010. Su da ke da katanga da likitan dabbobi a kowace unguwa ke nan. Mu fa, da darnin kara, da yara suna ratsa gidaje daga safe har dare?

Ka duba tsayinsa. Bakinsa daidai fuskar yaro ɗan shekara 4 yake. Karen gida in ya ciji, ƙafa ce. Wannan fuska ce da wuya. In ka sake shi, ranar da ya kashe akuyar maƙwabci kai za a kira gaban mai gari. In ka ɗaure shi dare da rana, iyakar sarƙarsa yake tsaro, kuma ɗauri yana ƙara masa mugunta. Ɓarawo kuwa da tsokar nama mai guba ya gama da shi, da kuɗinka duka.

Batun allura bai bambanta babba da ƙarami ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum 59.000 ke mutuwa da ciwon haukan kare kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kwikwiyo yana karɓar allurar hauka in ya cika wata 3, a riƙa sabuntawa yadda ma'aikatan kiwo suka faɗa. Akwai kuma ciwon amai da gudawar jini, farbo, wanda ya bazu a duniya tun 1978. Yana kashe kwikwiyo cikin ƴan kwanaki, allurarsa ana farawa tun sati 6 zuwa 8. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi likita ranar, kada ya jira ya ga hali.

Me kake nema a garka da dare? Kunne da haushi. Wanda zai tashe ka, ya tada maƙwabta. Karen gida mai kilo 15 ko 20 yana yin wannan, bai cin rabin abin da ƙaton ke ci, ya saba da bazara da ƙaya. Biyu ma sun fi ɗaya. Abin mamaki, karen Azawak na arewacin Tawa, wanda ke tsaron zangon Buzaye tun kaka da kakanni, Turawa suka fara kwasarsa zuwa ƙasashensu tun shekarun 1970, suna ji da shi. Kamar jar akuyar Maraɗi ne da shanun Azawak na Tukunus: sai baƙo ya yaba mu tuna namu ne.

Ban ce ba wanda ya dace ya saya ba. Mai gidan kaji ko magaza da katangar bulo da ƙofar ƙarfe, wanda ke samun kayan ciki daga mahauta kullum, da rumfa mai iska, da ruwa ba yankewa, da baligi guda da zai hore shi tun yana ƙarami ya saba da mutanen gida da bisashe, wannan yana iya gwadawa. Shi ma kada ya karɓi kwikwiyon da bai cika sati 8 ba. Ya buɗe bakinsa ya ga dasashi ja ne, ba fari ba. Ya aje shi ƙasa ya ga tafiyarsa, ya tafa hannu ya ga ko zai zo ko zai ɓuya. Takardar allura kuma ya kai ta ma'aikatar kiwo a duba hatimin, don takarda ba ta da wuyar bugawa.

Sa'an nan ya ce a nuna masa uwar, ido da ido, tana tare da ƴaƴanta, ya ga yadda take karɓar baƙo. In mai sayarwa ya ce uwar tana Kano, ka ce masa in ta dawo ya aiko a kira ka.