Wasiƙa ga marubuta waƙa na Sabon Ibadan da Akinyele



Marubucin da ke zaune a ƙasar Yarabawa yana ganin nisa da Kano ya rage masa daraja, to ya dubi rayuwar Alhaji Aƙilu Aliyu. A Jega aka haife shi a 1918, ya yi karatun addini a Kano, sannan ya shafe shekaru sama da ashirin a Maiduguri, cikin Barebari. Zaman baƙunta bai dusashe masa harshe ba. A waƙarsa Hausa Mai Ban Haushi ya yi wa masu raina harshensu tatas, kuma har ya rasu a 1999 masana na ɗaukarsa cikin gwanayen sarrafa kalma.

Abin da ya fi cancanta a yi koyi da shi shi ne yadda baitocinsa suka tsira. Bai zauna shi kaɗai ba: ya jagoranci ƙungiyar Hausa Fasaha a Kano, a zamanin da Mudi Sipikin ke riƙe da Hikima Kulob. Daga baya Ɗalhatu Muhammad ya tattara waƙoƙinsa, kamfanin NNPC na Zariya ya buga su a shekarun 1970 da sunan Fasaha Aƙiliya. Da wannan littafi ɗalibai suka san shi.

A nan ne aikin yake jiran mutanen Sabo. Tun 1916 aka kafa unguwar. Fataken goro da na shanu suka raya ta, ɗariƙar Tijjaniyya ta kafu a cikinta, har masani Abner Cohen ya rubuta littafi a kanta a 1969. Ga karar shanu ta Akinyele, ga kasuwar Shasha da rikicin Fabrairun 2021 ya ɗaiɗaita. Wa ya fi ɗan unguwa cancantar sa waɗannan a baiti? Abin takaici ne mai waƙa ya tsallake dillalin da ke ciniki da Yarabanci a ƙofar gidansa, ya tafi kwaikwayon waƙar da aka riga aka yi a Kano.

Waƙar da aka rera a waya aka tura ta WhatsApp tana iya ɓata ranar da wayar ta lalace. A rubuta ta a takarda, da boko ko da ajami, a sa suna da shekara. A riƙa zama ana karanta wa juna, wanda ya san kari da amsa-amo ya gyara wa na baya. Dattawan zawiya da ke da tsofaffin ƙasidu a jakar fata kuwa, a je a roƙe su a kwafa tun suna raye.

Wassalam.